Ba jikin kawu ne ya saba da maganin ba

Watan jiya na yi jinyar kawuna kwana goma sha ɗaya a wani asibiti, bayan an yi masa aiki an saka masa robar fitsari. Zazzaɓi ya ƙi sauka, ana ta dirka masa allurar ceftriaxone kamar ana zuba ruwa a kwando. Duk ɗan dubiyar da ya shigo sai ya ce, "Ai jikinsa ne ya saba da maganin." Maganar nan ta tsaya min a rai.

Jama'a, ba jiki ke sabawa ba. Ƙwayar cutar ce ke samun kariya, kuma sau da yawa aro take yi. A cikin bakteriya akwai wani ɗan zoben DNA, wato sinadarin gadon halitta, da ake kira filasmid. Ƙwaya takan matso kusa da wata ta miƙa mata kwafinsa, kamar yadda yara ke tura wa juna bidiyo ta Xender. Ba sai irinsu ɗaya ba, ƙwayar da ake kira Klebsiella na iya bai wa wata daban mai suna E. coli. Zobe guda kuma yakan ɗauko kariyar magunguna uku ko huɗu a tare. Tun 1959 masana a Japan suka lura da haka a ƙwayar atini.

A 2008 aka gano NDM-1, wani sinadarin kariya da ƙwayoyin cuta ke miƙa wa juna ta wannan zobe, a jikin wani majinyaci a Suwidin da ya taɓa kwanciya asibiti a New Delhi. Wannan har meropenem yake lalatawa, allurar da masu jinya ke sayar da akuya su saya. A 2015 sai ga wata kariyar mai suna mcr-1 a ƙwayoyin cutar jikin aladun Sin, mai sa su jure colistin, maganin da ake ajiyewa sai an rasa yadda za a yi. Kada wani ya ce matsalar nesa ce: binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya kiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ce kan gaba.

Kullum laifi a kan talaka ake ɗorawa, wai yana sayen kafso biyu a kemis ya haɗiye. Gaskiya ne, ni ma na sha yi. Amma a ɗakin da kawu ya kwanta, famfon wanke hannu ko ɗigo ba ya yi. Nas ɗaya ce da gadaje kusan ashirin cikin dare, daga ciwon wannan zuwa robar wancan, baiwar Allah ba ta da ko sabulu sai wanda muka kawo. A irin wannan ɗakin ƙwayoyi ke cin kasuwar musayarsu, a kan hannu da ƙarfen gado da magudanar wanke-wanke. Wanda bai taɓa shan kafso ba ma zai iya kwasowa.

Sai a kwana na shida aka ɗebi fitsarin kawu aka kai awo, shi ma don mun matsa. Da sakamako ya fito, ashe ƙwayar ba ta jin allurar da muka shafe mako muna saye.