Ga Mai Koya wa Samarin Kaduna Ado da Rigar da Ba Tasa Ba

Akwai wani bawan Allah a garin nan da ya naɗa wa kansa sarautar koya wa samari sa sutura, kuma tun da ya hau wannan kujera gari ba ya wayewa sai ya fito da sabon hukunci. Ba zan kama sunansa ba, domin kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, ni kuwa ba ma zagin ne ya kawo ni ba, karatun da ake ɗora ƙannenmu a kai nake so in yi wa gyara. Karatun nasa bai wuce layi guda ba: duk saurayin da yake so a ɗauke shi mutum, to ya kwashe abin da ke cikin akwatinsa ya zubar, ya yanki shadda mai tsada, ya ɗora hula mai tsada, sannan ya yi rantsuwa cewa ƙafarsa ba za ta sake taka Kasuwar Barci, inda ake sayar da gwanjo, ba. Wanda ba shi da kuɗin kuwa, wai ya nemo su ko ta halin ƙaƙa. Abin da ba ya faɗa shi ne dalilin da ya sa duk hanyoyin da yake nuna wa yara a ƙofar shago ɗaya suke ƙarewa, da kuma abin da mai shagon yake damƙa masa idan la'asar ta yi.

Mu fara da shaddar Geznar da yake rantsuwa da ita. Ba wanda ya ce ba ta da kyau. Kamfanin Getzner yana garin Bludenz na ƙasar Ostiriya tun shekarar 1818, auduga yake saƙawa, kuma duk telan da almakashinsa ya taɓa ratsa ta ya san nauyinta da yadda take kwanciya a jiki. Sai dai daga Kantin Kwari na Kano har zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ba duk abin da aka buga wa tambari a gefe ba ne ya fito daga can, kuma mai koyarwar tamu ya fi kowa sanin haka. Saurayin da yake shakka ba sai ya tambayi kowa ba: ya zare zare ɗaya daga bakin yadin ya kusanta shi da ashana. Idan auduga ce za ta ci ta zama toka mai laushi, da ƙauri irin na takarda. Idan kuwa an cuɗa ta da roba, zaren zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Ina roƙon gwanin namu da kada ya yi wannan gwaji a gefen rigar da ya ɗauki hoto da ita ranar Juma'ar da ta wuce, domin ashana ba ta san rufin asiri ba.

Abin da yake fito da namiji a cikin tufafi, wanda ban taɓa jin ya ambata ba ko da wasa, shi ne awo. Mu da muke kwana muna tashi da tef a wuya mun san cewa yadi mai araha da aka yanka daidai jikin mai shi ya fi shaddar da aka sayar da gona aka saya idan kafaɗarta ta zubo har damtse. Ɗinkin kafaɗa a kan ƙashin kafaɗa yake tsayawa, ba ya gaba, ba ya baya. Hannun kaftani a wuyan hannu yake ƙarewa, yadda agogo zai leƙo idan an miƙa hannu gaisuwa, ba wai ya haɗiye yatsu ba. Wuyan riga idan an ɓalla maɓalli ya kamata yatsa biyu su shiga ba tare da dambe ba. Wando kuwa, a nan ne almajiransa suka fi ba ni tausayi, domin ya koya musu matse shi har sai mutum ya yi dabara kafin ya zauna tahiya, kuma duk wanda yake sallar Juma'a a Masallacin Sultan Bello ya sha ganin yaran da suke sujada a tsorace, kunnensu na kan ɗinkin baya. Wando ya sauka a idon sawu, kada ya share ƙasa, kada kuma ya hana mai shi durƙusa wa mahaifinsa. Kaftani da wando yadi huɗu zuwa biyar suke ci gwargwadon tsawon mutum da ƙibarsa, babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa goma, kuma telan da ya karɓi kayanka bai sake auna ka ba don wai yana da awonka na bara, ka karɓe kayanka ka yi gaba.

Sai kuma yanayin gari, wanda shi ma malamin bai san da zamansa ba, wataƙila don daga ɗakin ɗaukar hoto sai motar abokinsa. Saurayin da yake fitowa daga Rigasa ko Hayin Banki a Keke Napep cikin zafin Maris da Afrilu ba shadda mai kauri da sitaci yake bukata ba, boyal ko wani yadi mara nauyi da iska take ratsawa yake bukata. Farar riga ado ce, amma jar ƙurar hunturu da caɓin damina ba sa jin kunyarta, saboda haka mai hankali yakan ajiye fari don Juma'a da ɗaurin aure, ya riƙa fita aiki da ruwan toka, da ruwan ƙasa, da shuɗi mai duhu.

Hula ma lamba gare ta, akwai mai sa 22, akwai mai sa 23, akwai wanda sai an ƙara masa rabi. Zanna bukar ɗaya mai kyau wadda zarenta ya ɗauko launin riguna biyu ko uku, ana kai ta wurin masu wankin hula a kan kari, ta fi tarin huluna da suke rawa a ka ko suke barin shaida a goshi.

Amma inda ya fi ba ni mamaki shi ne dariyar da yake yi wa masu sa gwanjo, har yana cewa kayan da wasu suka gama yayinsu ne. Wannan gari ya taɓa tufatar da Arewa da hannunsa. A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wasu suka biyo bayanta, dubban magidanta suka ci abinci a wurin, har aka wayi gari injinan suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan kusan duk abin da muke sawa daga waje yake zuwa, da sabon da tsohon, don haka ban ga abin da ya ɗaukaka mai sanye da jabun shaddar Sin a kan mai sanye da shat ta auduga zalla da ya zaɓa da idonsa ranar da aka fasa dila ba. Ɗalibin da zai je neman aiki, ya shiga Kasuwar Barci da sassafe, ya zaɓi shat biyu da wando mai duhu, ya duba wuya da hammata da zif, ya miƙa wa mai gyara ya rage masa tsawo, ya wanke ya goge, wallahi zai shiga ofis a mutunce ba tare da ana binsa ko sisi ba. Ban da haka ma, tsofaffin 'yan kasuwar ba su da saurin mantuwa, kuma akwai fuskokin da suka sani tun lokacin da masu su suke taya rigar sanyi har a yi musu tsawa.

Idan da tsadar riga ce take sa a tashi tsaye wa mutum, da ba a san Malam Aminu Kano ba, wanda farar riga mara ado da jar hula suka ishe shi har ya koma ga Allah a 1983. Ba cewa nake kowa ya yi shigar Malam ba, domin saurayi yana da haƙƙin ya yi gayu, kuma babbar riga mai aska takwas ta hannun masu ɗinkin Zariya abin sha'awa ce ga wanda lokacinta ya yi masa. Abin da nake gaya wa ƙannena shi ne su bi abin a sannu. Mutum ya fara zazzage akwatinsa ya ware abin da yake sawa da abin da ya yi masa kaɗan, ya kai masu gyaruwa wurin tela, ya bayar da sauran sadaka. Bayan haka ya ɗinka kala biyu masu kyau maimakon biyar na garaje, ya sayi takalmin fata guda da zai jure shafa mai, sannan ya koyi kula da abin da ya mallaka: shadda ba ta son dirza da garin sabulu mai ƙarfi, ba ta son a shanya ta a tsakiyar rana, kuma bugu ne yake dawo mata da ƙyallinta. Turare a kan jiki mai tsabta ake sa shi, kaɗan kuma, ba irin wanda wani yake yi wa kansa wanka da shi har mutanen sahu su riƙa atishawa ba.

Na ji an ce ya yi alkawarin fitowa da kala bakwai a bikin Sallah mai zuwa, kowace rana da tata, don ya nuna wa 'yan baya yadda ake yi. Allah ya kai mu da rai da lafiya. Fatana dai a wannan karon ya riƙa tambayar masu rigunan lambar hularsu kafin ya aro, domin ta hoton Sallar bara ta sauko masa har gira, kuma hannun rigar sai da ya naɗe shi sau biyu. Mai shaddar da ke layin cikin kasuwa kuma ya ce in isar da gaisuwa, in kuma faɗa cewa littafin nan mai jan bango yana nan cikin durowa, kuma yadi goman da aka ɗauka tun azumin bara har yau ba a soke shi da biro ba.