Nasu an zana su da garma, namu da ƙoƙon bara

Ranar Asabar wani abokin aikina ɗan Beljiyam ya kai ni gidan Constantin Meunier, wani masassaƙi ɗan ƙasarsu, da ke Ixelles, nan Brussels, inda ya yi shekarunsa na ƙarshe kafin ya mutu a 1905. Yanzu gidan tarihi ne. Ɗakin aikinsa dogo, shiru kamar ba kowa, ko'ina mutum-mutumin tagulla: masu haƙar kwal, maƙera, 'yan dakon tashar jiragen ruwa, fuskoki duk gajiya.

Ashe kafin sassaƙa ta ɗaga sunansa, zane yake yi. Yakan je Westmalle, wani gidan ibada a Beljiyam, ya zauna da sufayen Kirista da ake kira Trappist, mutanen da ba sa aure, magana ma sai ta kama dole, su tashi ibada tun kafin asuba, su wuni a gona. Abokina ya nuna mini zane biyu a wayarsa, jana'izar ɗayansu ta 1860 da wanda suke huɗa na 1863.

Na ce masa ai haka na tashi a tsangaya, karatu da dare, gonar malam da safe. Ya ce, “Yaran nan masu bara da ake nunawa a talabijin?”

Har yau maganar na ci mini rai.

Ban musa bara ba. Akwai yaran da iyaye suka jefar a birni ba ko tabarma, kuma sufayen nan da girmansu suka zaɓi rayuwarsu. Amma Westmalle giya take sayarwa har gobe, ban ji an taƙaita tarihinta a kwalba ba. Su an samu mai zama cikinsu ya kalle su da mutunci. Mu mai kyamara sai ya jira ƙoƙo ya fito. Wa ya ɗauki gardi yana satu? Wa ya ɗauki alaramma yana rubuta izu sittin da ka, da alƙalamin gamba da tawadar da ya dafa da hannunsa?

Laifinmu ma yana ciki, ba mu ajiye komai ba. Ko hoton malaminmu ɗaya ba ni da shi. Da na dawo gida na kira ƙanena ya ɗauko mini hoton kiskadin da muke karatu, ya ce, “Yaya, ai an yanka wurin filaye tun bara.”