Rijiya ta bayar, guga ya hana

Ranar Litinin da ta wuce, a wani ofishin dillalan gidaje a unguwar Bronx ta birnin New York, an bar dattijo a tsaye fiye da minti 20 da takarda a hannu, ga kujeru biyu babu kowa a kai. Ɗan Zango ne, cacar biza ta kawo shi daga Kumasi. Ya shiga sojan ƙasa na Amurka, aka kai shi Iraƙi sau biyu, ya dawo kunne ɗaya ba ya ji, gwiwa ɗaya ba ta lanƙwasuwa. Wata na bakwai ke nan yana kwana yau a mota, gobe a gidan kwanan marasa matsuguni. Takardar hannunsa baucar HUD-VASH ce, wato alkawarin da gwamnatin tarayya ke yi wa tsohon soja marar matsuguni cewa ita za ta riƙa biyan kaso mafi tsoka na hayarsa. A ranar, saura kwana 19 wa'adinta ya cika.

Wanda ke bayan teburin kuwa ba baƙo ba ne. Yaronmu ne. Da Hausa ya amsa sallama, kuma sahu ɗaya ake tsayawa da shi ranar Juma'a.

"Sannu da aiki, ɗana. Na zo ne kan gidan nan da kuka sa a intanet, mai ɗakin kwana ɗaya."

Bai ɗago daga waya ba. "Ina kake aiki, Baba?"

"Tsohon soja ne ni. Ga takardar da..."

"Au. Na furogiram ne."

Sai a lokacin ya ɗaga kai, ya dubi takardar kamar an miƙo masa sammaci. Ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce an riga an kama gidan.

"Ai da safe na kira ka, kai ka ce in zo ƙarfe biyu."

"To tsakanin safe da yanzu aka kama. Nan New York ne, Baba, ba Zango ba."

Allah da ikonsa, bai rufe baki ba wayar ofis ta yi ƙara. Wani ne ke tambayar gidan nan dai, lamba ɗaya, titi ɗaya. Dattijo na tsaye yana ji da kunnen da ya rage masa yaron ya ce gida na nan, a zo gobe ƙarfe goma. Ya aje waya, ko kunya babu, ya juyo da sabon karatu: mai gida yana son wanda kuɗin shigarsa na shekara ya ninka hayar wata sau 40. Haya dala 2,000, ke nan sai mai samun dala 80,000. Dattijo ya ce, cikin ladabin da yaron bai cancanta ba, ai da yana samun dala 80,000 da bai kwana a mota ba. Sai yaro ya sassauta murya, irin ta mai son taimako. Ya ce akwai hanya. A rubuta hayar da hukuma za ta yarda da ita a takarda, Baba ya riƙa kawo dala 300 a hannu duk wata ba tare da rasit ba, sannan a ba shi na goro, hayar wata ɗaya. Da dattijo ya ce ba shi da su, yaron ya miƙe ya buɗe masa ƙofa, ya sallame shi da kalmar nan da ake ta jefa wa sojoji a filin jirgi da gidan abinci: "Mun gode da hidimar da ka yi wa ƙasa, Baba."

Madalla. A kai godiyar bakin famfo a gani ko za ta kawo ruwan zafi.

Duk abin da yaron nan ya faɗa a cikin minti biyar, babu ɗaya da doka ta yarda da shi. Ƙin ba mutum haya don da bauca zai biya haramun ne a birnin New York tun 2008, jihar ma ta kafa irin wannan doka a 2019, kuma tarar birni kan iya kai dala 250,000 idan an tabbatar da gangan aka yi. Lissafin ninki 40 ba a ɗora shi a kan kuɗin da hukuma ce za ta biya. Kuɗin bayan fage zamba ne, kuma ranar da asiri ya tonu, tsohon sojan ne zai iya rasa baucarsa, dillali ya koma kan wayarsa. Na goron ma, tun watan Yunin 2025 dokar birni ta hana dillalin da mai gida ya ɗauka ya caji ɗan haya. Kuɗin cike fom ba ya wuce dala 20, kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata ɗaya. Yaron ya san duk wannan sarai. Abin da ya fi sani shi ne, ƙara a hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta birni tana cin watanni, baucar Baba kuwa kwana 19 ya rage mata. Wa zai tsaya shari'a yana kwana a kujerar mota?

A nan ciwon yake. A duk tsarin nan mutum ɗaya ne aka ɗaura wa agogo a wuya, kuma shi ne wanda ba shi da wurin kwana.

Ga yadda ake tafiya, don masu cewa ai gwamnati ta ba su gida kyauta. Da farko sai ka tabbatar kai soja ne, da takardar sallama DD-214. Wanda aka watsar masa da kaya a titi, ko ruwa ya ci jakarsa, sai ya cike fom SF-180 ya nemi kwafi daga rumbun takardun soja da ke St. Louis, a tambaye shi adireshin da za a aiko masa. Adireshin wace mota? Daga nan Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji, VA, ta tantance shi ta haɗa shi da jami'in walwala, shi kuma ya tura sunansa ga hukumar gidaje ta gari, domin kuɗin hayar daga Ma'aikatar Gidaje, HUD, yake fitowa. Ma'aikatu biyu, fayil biyu, layi biyu. Hukumar gidaje na son shaidar kuɗin shiga da ba ta wuce kwana 60 ba, saboda haka in fayil ya yi barci a kan tebur, takardunka ne suka tsufa, kai za ka sake yawon nemo sababbi. Bayan duk wannan a kira ka zaman bayani, a miƙa maka bauca, agogo ya fara bugawa: kwana 120.

Ka ce ka yi sa'a ka sami mai gidan da bai gudu ba. Shi zai cike takardar neman amincewa da haya, ya haɗa da shaidar mallakar gida da takardar haraji. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin sunan da ke kan takardar gida da na kan fom, a dawo da fayil. Sai a auna hayar da ma'aunin hukuma, wanda aka gina a kan ƙiyasin HUD na hayar yanki, ƙiyasin da ake yankewa a kan kashi 40 cikin 100 na gidaje mafi araha, ba a kan abin da dillalai ke kira yau a titin Grand Concourse na Bronx ba. Kasonka kusan kashi 30 cikin 100 ne na abin da kake samu: mai dala 1,200 a wata zai ba da kimanin 360. In hayar, haɗe da kuɗin wuta da gas, ta haura ma'auni, rarar a kanka take, amma doka ta ce a shigar farko kada kasonka ya wuce kashi 40. Ya wuce da dala goma, an soke gidan. Wai don a kare ka. An kare ka, ka koma mota.

Sai duba-gari. Ba a biyan ko sisi sai jami'i ya zo ya duba gida, kuma abin da ke kayar da gida ba rushewar bango ba ne. Na'urar gano hayaƙi babu batir, babu na'urar gano iskar gas mai kisa, murfin soket ya fashe, taga ba ta kulluwa, kan murhu ɗaya ba ya kamawa, ruwan zafi bai zo ba a ranar. Abu ɗaya ya isa a sake sa wata rana. Ba mai cewa kada a duba, don babu wanda ke son a zuba mai ciwon ƙirji a ɗakin da gas ke yoyo. Amma dubi yadda aka rubuta ƙa'idar: hukumar da baucocinta ba su wuce 1,250 ba, dole ta duba cikin kwana 15. Wadda ta fi haka girma, irin ta manyan birane inda matsalar take, an ce ta duba "cikin lokacin da ya dace". Talaka an ƙirga masa kwanaki da lamba, hukuma an ce ta yi a sannu, Allah ya kawo ta lafiya. Mai gida kuma yana kallon ɗakinsa a rufe wata ɗaya, wata biyu, ba haya, ga wani a ƙofa da cek a hannu. Ba na wanke masu gidaje, amma wanda ya tsara wannan ya san abin da zai haifar.

Akwai SSVF, za a ce. E, akwai wannan shirin VA na tallafa wa iyalan tsofaffin sojoji, tun 2011. Yana biyan kuɗin ajiya, bashin haya, kuɗin kwashe kaya, har da tallafin rabin haya na shekara biyu ga wasu. Sai dai ba VA ke bayarwa da hannunta ba, ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da aka ba kwangila, kowace da yankinta da nata fom. Kuɗin ba ya shiga hannun soja, mai gida ake rubuta wa cek, kuma sai an ga yarjejeniyar haya. Mai gida ya ce ba ya sa hannu sai ya ga kuɗin ajiya, ƙungiya ta ce ba ta fitar da kuɗi sai ta ga sa hannu. Mai raba wannan gardama shi ne jami'in walwala, wanda fayiloli suka yi wa katutu, in ma bai bar aikin ba a makon jiya aka ce a jira sabo. Ƙarin wa'adin bauca kuma ba haƙƙi ba ne, roƙo ne: a rubuce, kafin ranar ta cika, tare da jerin gidajen da ka nema, da kwanan wata da amsar da aka ba ka. Wanda bai ajiye wannan jeri ba, sai a ce bai yi ƙoƙari ba.

Shirin HUD-VASH ɗin nan fa ba jiya aka haife shi ba. An fara shi a 1992, aka farfaɗo da shi a 2008 da bauca 10,000, yau an raba sama da 100,000, dubbai daga ciki suna kwance ba a yi amfani da su ba. A 2009 Eric Shinseki, sakataren VA na gwamnatin Obama, ya yi alkawarin kawo ƙarshen kwanan titin tsofaffin sojoji cikin shekara biyar. A Disambar 2015 aka yi shelar cewa birnin New York ya gama da matsalar waɗanda suka daɗe a titi, aka tafa. Gaskiya adadin tsofaffin sojoji marasa gida a faɗin Amurka ya sauka, daga 74,087 a 2010 zuwa 32,882 a 2024, kuma duk wanda ya sami mabuɗi a ciki mun taya shi murna. Amma ƙidayar dare ɗaya ce a ƙarshen Janairu, kuma wanda ke kwana a falon ɗan garinsu ba ya ciki. Mu kuwa mun san yadda namu suke: mutum zai shekara yana zagaya falon 'yan'uwa da bayan masallaci kafin ya yarda a rubuta sunansa a cikin marasa gida. Kunyarmu ta zama ribar masu lissafi.

In kana son ka ga inda hankalin gwamnati yake, dubi abin da aka yi har zuwa Agustan 2024. Sojan da yaƙi ya naƙasa ɗari bisa ɗari yana karɓar diyyar dala 3,737 a wata a shekarar, sai a lissafa wannan diyya a matsayin kuɗin shiga, a ce ya fi ƙarfin gidan da aka gina domin irinsa. Wato gwargwadon yadda bam ya yi maka illa, gwargwadon yadda ka yi wa tallafi arziki. Shekara da shekaru ana haka kafin HUD ta gyara. A Los Angeles kuma akwai fili eka 388, ragowar kyautar da aka bayar tun 1888 don a zaunar da naƙasassun sojoji. Aka yanka shi haya: filin wasan jami'ar UCLA, filayen motsa jiki na wata makarantar masu kuɗi, wurin ajiye motoci, har da haƙar mai, su kuwa masu filin suna cikin tantuna a bakin katangarsa a titin San Vicente. Sai da alƙali David Carter ya ba da umarni a Satumbar 2024 a gina gidaje 1,800 na dindindin da 750 na wucin gadi. Gwamnati ta ji kunya ta kama gini? Ta ɗaukaka ƙara. Ƙasar da ke kashe sama da dala biliyan 800 a shekara kan tsaro, wadda ta iya kai mutum daga Bronx zuwa Bagadaza da takalminsa da abincinsa a kan lokaci, ita ce ta kasa aiko mai duba batirin na'urar hayaƙi cikin mako biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu da muke ganin hotunan 'yan mazan jiya sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja muna cewa sai a Najeriya, to ga ta nan, an dai sa mata kwat ne.

Mu ma ba mu fita ba. Ranar da dattijon nan ya zo hutu da kaki, har layi aka yi ana ɗaukar hoto da shi ana aika wa gida. Kuɗin da ya turo daga Iraƙi sun yi rufin ɗakuna a Zango, sun biya sadaki ba ɗaya ba. Yau akwai 'yan'uwanmu masu gidaje hawa biyu da hawa uku a unguwar nan, suna zaune a majalisa suna cewa su ba sa sa ɗan furogiram, wai ba a san abin da yaƙi ya yi wa kansa ba. A tara dubban daloli a daren suna ɗaya, a kasa samun mutum guda da zai riƙe ɗaki wata ɗaya har jami'i ya zo ya duba. Ranar 11 ga Nuwamba kuma, ranar tsofaffin sojoji, kowa zai liƙa tuta a Facebook.

Yau saura kwana 12. Jami'ar walwalarsa ta tura takardar neman ƙarin wa'adi, ba a amsa ba tukuna. Tallar gidan tana nan a intanet, an ma ƙara dala 50 a kan hayar.