Goge manhaja ba ya hana a ci gaba da cirar kuɗinka

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar sun goge manhaja daga waya, shi ke nan an daina cirar musu kuɗin wata-wata. Ba haka ba ne. Yarjejeniyar biyan tana maƙale ne da asusunka na Google Play ko App Store, ko da kamfanin kansa idan a shafinsa ka yi rajista. Ko sau goma ka goge manhajar, wata na zagayowa za a zari kuɗin.

Sai ka koma inda ka yi rajistar ka soke da hannunka, ka kuma jira saƙon tabbatarwa. A nan ne wasu kamfanonin ke wahalar da mutum da gangan. Shiga latsawa ɗaya ce, fita kuwa sai an yi ta tambayarka dalili, ana lallashinka da rangwame, maɓallin sokewar ma an ɓoye shi can ƙasa.

Sauya katin banki ma ba lallai ya cece ka ba, domin Visa da Mastercard suna da tsarin da kan miƙa wa kamfani sabuwar lambar katin. Idan kuwa gwajin kyauta ne a App Store, ka soke aƙalla awa 24 kafin ya ƙare.