Wa Zai Shaidi Hankali?

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Jiya bayan La'asar muna shan shayi a ƙofar gida nan Garwa, ɗan ƙanena da ya dawo hutu daga jami'a a Ngaundere ya ce: "Baffa, ni fa abin da hankalina bai kama ba, ba na karɓa." Na ce: "To ɗana, wa ya tabbatar maka hankalin nan abin dogaro ne?" Ya ce ai hankalin ne ya nuna masa. Na yi dariya, na ce ashe shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne kuma alƙali. Wace kotu ce za ta yarda da haka?

Ba shi ya fara shiga wannan rami ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 bayan Hijira, ya ba da labarin kansa. Ido ya nuna masa inuwa a tsaye cik, bayan sa'a ɗaya ya ga ta gusa. Ya nuna masa tauraro kamar dinari, lissafi ya ce ya fi duniya girma. Hankali ya ƙaryata ido ke nan. Sai tambaya ta taso masa: shi hankalin fa, ba a iya samun wani alƙali a samansa da zai ƙaryata shi, kamar yadda farkawa ke ƙaryata mafarki? Ya nemi hujja, ya ga kowace hujja da hankalin ake gina ta. Kusan wata 2 yana cikin wannan ciwo, kuma da bakinsa ya ce haske ne Allah Ya jefa a ƙirjinsa ya warke.

Kada a ji ni a karkace, hankali ni'ima ce. Wanda ya rasa shi ko salla ba ta hau kansa ba. Ibn Khaldun ya kwatanta shi da ma'aunin zinariya, awonsa daidai, sai dai ba a ɗora masa dutse. Ka ɗauki sikelin maƙerin zinariya ka nufi Dutsen Tingilin, tsaunin nan na kusa da Garwa, da shi, laifin na sikeli ne?

Yaron ya ce: "Baffa, in tambayar ta ƙi ƙarewa fa, har ta kai ga wa ya halicci Allah?" Na ce Annabi (SAW) ya riga ya faɗa, yana cikin Buhari da Muslim: wanda Shaiɗan ya kai shi nan, ya nemi tsarin Allah, ya tsaya. Ya yi shiru yana juya kofi a hannu har ladan ya kira Magariba.