Rigar sanyaya tanki ma tana buƙatar tata mafitar ranar gobara

Injiniyoyin masana'antu da masu kula da lafiyar aiki, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tankin da ake haɗa sinadarai a cikinsa, babu mai musun cewa sai an sa masa bawul ɗin sauke matsi, a yi lissafi, a gwada, a rubuta. Amma rigar ƙarfen da ke zagaye da shi, wadda ruwan sanyi ke kewayawa a cikinta, sau da yawa sai a bar ta haka nan, ko a maƙala mata wani ɗan tsurut ɗin bawul a ce an gama. Wannan ganganci ne. Rigar nan tanki ce mai zaman kanta, kuma idan gobara ta tashi ita wuta za ta fara lasa.

Ku duba yadda abin ke tafiya. Mai ya zube ƙarƙashin tanki ya kama da wuta. Lantarki ya ɗauke, famfo ya tsaya, bawuloli masu rufe kansu sun rufe, ko ma'aikaci ya rufe su da hannunsa kafin ya yi ta kansa. Ruwa ya cika rigar maƙil, ba shiga ba fita. Da ya fara ɗaukar zafi sai ya nemi buɗewa, kuma tun da babu gurbin iska, ƙarin digiri kaɗan ya isa ya cilla matsi sama. Wannan kumburin ne kaɗai ƙaramin bawul ɗin nan zai iya ɗauka, don dama saboda shi aka yi shi. Ana nan sai ruwa ya tafasa, lita 1 ta koma tururi wajen lita 1,700 a matsin iska na yau da kullum.

Lissafin ba ɓoyayye ba ne. Ƙa'idar API 521 ta Amurka ta ba da hanyar auna zafin da gobara ke zuba wa jikin tanki, ana ƙirga duk ɓangaren bangon da ruwa ke taɓawa ta ciki, daga ƙasa zuwa tsayin mita 7.6. Ɗauki riga mai faɗin murabba'in mita 20, babu rufin hana zafi. Inda akwai magudanar da ke janye man da ya zube da kayan kashe gobara, zafin zai kai wajen kilowat 500. Inda babu, ya haura 800. Kilowat 500 ɗin kaɗai tururi ne sama da kilo 800 a kowace awa. Kuma ba tururi zalla zai fito ba. Rigar a cike take, ga ta matsattsiya, saboda haka ruwa da tururi za su yi cunkoso a bakin bawul tare, wanda ke buƙatar ƙofa mafi faɗi. Dokar ASME, wato ta ƙungiyar injiniyoyin Amurka kan tankunan matsi, sashe na 8, ta yi sassauci a yanayin gobara, ta yarda matsi ya haura iyakar tankin da kashi 21 cikin 100 maimakon kashi 10 da aka saba. Sassaucin ya tsaya nan.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne wane bango zai fara sarewa. Ƙarfe mai siffar ganga yana jure matsin da ke turo shi daga ciki, amma yana da rauni idan daga waje ake matse shi. Matsin rigar kuwa daga waje yake danne bangon tankin ciki. Sai ya loɓa kamar gwangwanin da aka taka. In tankin mai shafen gilashi ne a ciki, gilashin ya tsage. Daga nan ruwan zafi ya kutsa cikin sinadarin, in kuwa irin wanda ba ya ga maciji da ruwa ne, an samu bala'i biyu a wuri guda.

Na san amsar da za a ba ni: ai bututun da ruwa ke komawa ta cikinsa kullum a buɗe yake. Kullum ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Ranar 13 ga Yuni 2013, a masana'antar Williams da ke Geismar a jihar Luwiziyana ta Amurka, wata tukunyar ɗumama sinadari ta tarwatse, mutum 2 suka mutu, 167 suka ji rauni. Binciken CSB, hukumar Amurka mai binciken haɗurran sinadarai, ya nuna bawul ɗin da aka rufe ne ya raba tukunyar da bawul ɗin sauke matsinta, sannan aka sako mata ruwan zafi alhali akwai ruwan gas ɗin furofen a ciki. Ba rigar sanyaya ba ce, ba kuma gobara ce ta fara ba, amma cutar ɗaya ce: ruwa a kulle, zafi na shiga, mafita a toshe. In har za ka dogara da buɗaɗɗen bututu, to kada a samu bawul ko ɗaya a kansa, ko a ɗaure shi a buɗe da sarƙa da kwaɗo, kuma a lissafa a tabbatar faɗinsa zai ɗauki tururin.

Wasu kuma sukan fake da cewa ASME ta tsame tankunan ruwa da ba su wuce matsin psi 300 da zafin digiri 99 ba daga dokarta. Wuta ba ta tsayawa a digiri 99.

Ban ce bawul maganin komai ba ne. Idan ruwan rigar ya ƙone ƙurmus, ƙarfen zai yi ta zafi har ya yi laushi ko da matsi bai haura iyaka ba. A nan sai yayyafin ruwa daga waje, da magudana, da rufin hana zafi da aka lulluɓe da ƙarfe mara tsatsa, don alminiyam yana narkewa a digiri 660. Sannan a duba inda bakin bututun fitar tururin ya kalla. Sau da yawa a kan matakalar da ma'aikata za su bi su tsere yake hurawa, kuma in rigar da gilaikol (sinadarin hana ruwa daskarewa) ko man ɗumama aka cika ta, abin da zai fito shi ma mai cin wuta ne.