Kiɗan Japan da ba ya ɓoye numfashin mai busa

Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa cewa duniya ba matabbata ba ce. Malamai sun faɗa, Aliyu Namangi na Zariya ya tsara a waƙa, makafi sun rera a ƙofar gidajenmu har muka haddace. Sai dai mu a baki muke ajiye maganar. A nan Japan, inda aiki ya kawo ni, a cikin amon kayan kiɗan suke zuba ta, kuma a ganina nan suka sha gabanmu.

Ga sarewarsu ta gora, shakuhachi, mai huji biyar kacal. Mai busa zai ja sauti ɗaya, ya bar shi ya yi rawa, ya sirance, ya mace, kana jin hucin iskar bakinsa a kan gorar, sannan ya yi shiru. Shirun ma cikin kiɗan yake, kada ka kuskura ka yi tafi. Haka biwa, mai kama da garaya amma ta fi ta faɗin ciki: da gangan ake gyara ta don tsirkiyar ta riƙa zuzu kafin amon ya ɗauke. Makafi ne suka daɗe suna yawo da ita suna ba da labarin rushewar gidan Taira, wata zuriyar mayaƙa da ta riƙe mulkin Japan, a 1185, labarin da ya fara da ƙararrawar wurin ibada mai shelar cewa komai mai wucewa ne.

Tushen abin addinin Buddha ne, ba namu ba. Mu idan an tuna mana ƙarewar duniya, lahira ake nuna mana. Su a wucewar kanta suke ganin kyau. Ban ce mu ari aƙidar ba, aikin hannun nake magana.

Toru Takemitsu, mawallafin kiɗa ɗan Japan wanda ya rasu a 1996, da farko gudun kiɗan gargajiyar ƙasarsa ya yi saboda yana tuna masa zamanin yaƙi. Daga baya ya dawo. A 1967 aka gabatar da kiɗansa November Steps a New York, Kinshi Tsuruta na kaɗa biwa, Katsuya Yokoyama na busa shakuhachi, ga babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turawa a bayansu. Bai narkar da su wuri guda ba, bai kuma goge kaushin gorar don ta dace da kunnen Bature ba. Ya bar kowa da muryarsa.

To mu fa? Goge yana da wannan kukan mai kaushi, gurmi ma haka, kuntigin Ɗan Maraya Jos kuwa tsirkiya ɗaya ce ta ishe shi. Amma yawancin sababbin waƙoƙin da ’yan uwa ke turo mini daga gida, fiyano ne da kwamfuta: an wanke murya tas, ba numfashi, ba shiru ko na daƙiƙa ɗaya. An bar wa algaita fada da hawan sallah, ba mai rubuta mata sabon abu.

Kada a ɗauka Japan ta gama tsira. Idan ka leƙa zauren irin wannan kiɗan, furfura ta fi yawa, kuma a 2020 wani babban kamfanin ƙera shamisen, molonsu mai tsirkiya uku, ya kusa rufewa a Tokyo. Duk da haka, a jami’ar koyar da kiɗa da zane-zane ta Tokyo ana karanta shakuhachi har a ba da digiri, ana kuma biyan mawallafa kiɗa su tsara mata sabon aiki. Mai goge a Katsina har yanzu biki yake jira.